Kai Ka Gyara, Kai Aka Ƙara Wa Kuɗi: Labarin 'Yan Hayar Ailan

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ya kai ni gare shi.

Shekara uku da suka wuce yayana ya kama haya a wata unguwa a Kano. Rufi na yoyo, banɗaki kuwa ba a magana. Ya sami mai gidan, shi kuma ya ce masa, "Ai gidanka ne, gyara abinka." Ya canza kwano, ya sa tayil, ya haƙa sokawe, ya yi fenti. Shekara na zagayowa sai ga dillali da saƙo: an ƙara kuɗin haya, wai gidan yanzu ba kamar da ba ne. Ya ce ba zai iya ba, aka ba shi notis. Tayil ɗin na can, wani ke takawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haushin wannan ne ya sa na shiga karance-karance, har na faɗa kan wata ƙasa da wannan magana ta taɓa girgiza ta gaba ɗaya. Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila.

A ƙarni na 19 Ailan na ƙarƙashin mulkin Landan. Kusan duk ƙasar noma tana hannun wasu tsirarun masu filaye, da yawansu ma a Ingila suke zaune, wakilai ke karɓar musu kuɗi. Talaka hayar gona yake yi, shekara-shekara, yawanci ba wata takarda. A Ingila mai fili ne ke gina gida da rumbu kafin ya ba da haya. A Ailan kuwa fili kawai ake nuna maka. Kai za ka gina ɗakin da za ka kwana, kai za ka kwashe duwatsu, ka yi magudanar ruwa, ka yi shinge. Doka kuma ta ce duk abin da aka kafa a kan ƙasa na mai ƙasa ne. To ka ga idan ka gyara, ko dai a ƙara maka kuɗi, ko a kore ka a ba wanda zai biya fiye da kai. Sai mutane suka koyi zama cikin ɗaki mai yoyo da gangan, don wanda ya yi wa gidansa farar ƙasa ya jawo wa kansa idon wakili.

Gwamnati ta sani fa. A 1843 ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Devon, rahotonsa ya fito a 1845, ya ba da shawarar a riƙa biyan ɗan haya diyyar gyaran da ya yi. Aka kai ƙudiri majalisa, ya mutu a can, domin masu filaye ne suka cika ta. A shekarar ce kuma cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talakan ƙasar. Cikin 'yan shekaru kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗin ya yi hijira. Bayan yunwar, wata dokar 1849 ta ba da damar sayar da filayen da bashi ya ci, sababbin masu kuɗi suka saye su haɗe da gumin 'yan haya, ba wanda ya ce musu ga ko anini.

A arewacin ƙasar, yankin Ulster, akwai wata al'ada: idan za ka tashi, kana iya sayar wa mai shigowa haƙƙin zamanka, ka fanshe wahalarka. Al'ada ce kawai, kotu ba ta san da ita ba. A 1870 firaminista William Gladstone ya mai da ita doka inda ake bin ta, ya kuma ce a sauran wurare a biya ɗan haya diyyar gyara idan zai bar wuri, a ƙara masa da diyyar kora idan ba kan rashin biyan haya aka kore shi ba.

Ku saurari wannan "idan" ɗin da kyau, nan gizo ke saƙar. Dokar ba ta hana ƙarin kuɗi ba. Mai fili sai ya lafta maka abin da ya san ba za ka iya ba, ka gaza, ya kore ka a matsayin wanda bai biya ba, diyyar kora ta bi ruwa, bashin haya kuma a cire shi daga kuɗin gyaranka. Da na karanta wannan wallahi sai da na ajiye littafin, don dabarar da aka yi wa yayana ke nan, ba ragi ba ƙari.

A 1879 amfanin gona ya sake lalacewa, kora ta ƙaru. Sai ga Michael Davitt. Shi kansa yana ɗan shekara huɗu aka kori iyayensa daga gidansu a gundumar Mayo, suka koma Ingila, yana ɗan shekara 11 injin masaƙa ya cinye masa hannun dama. Shi ya jagoranci kafa ƙungiyar 'yan hayar filaye a watan Oktoba na 1879, aka ba Charles Stewart Parnell shugabanci, wanda abin mamaki shi ma mai filaye ne. Buƙatunsu uku: kuɗin haya na adalci, kada a kori wanda ke biya, kuma mai tashi ya iya sayar da haƙƙinsa.

A Satumban 1880, a garin Ennis, Parnell ya ba jama'a shawara kan wanda ya karɓi gonar da aka kori wani: kada a taɓa shi, a dai ƙaurace masa. Wanda abin ya fara faɗa wa shi ne wani wakilin mai fili a Mayo, Kyaftin Charles Boycott, da ya tashi korar wasu 'yan haya. Ma'aikatansa suka watse. Masu kanti suka daina sayar masa da kaya, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, har mai kawo wasiƙa ya ɗauke ƙafa. Sai da aka kawo mutum 50 daga arewa su yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda wajen dubu suna gadinsu, aka kashe kusan fam 10,000 kan amfanin da bai wuce fam ɗaruruwa ba. Kafin ƙarshen shekara ya tattara ya bar ƙasar. Sunansa ne ya zama kalmar da Turawa ke faɗa har yau idan ana maganar ƙaurace wa wani abu. Ba zan ɓoye muku ba, gwagwarmayar ba duka ce ta tafi lami lafiya ba. An kashe masu filaye da wakilai, an tsorata waɗanda suka ƙi shiga, ciki har da talakawa. Wannan ɓangaren ba na yaba shi.

A 1881 Gladstone ya dawo da sabuwar doka. Aka kafa kotun da za ta yanke kuɗin haya na tsawon shekara 15, kuma a yawancin shari'u ragi aka yi, kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Amma sashen da ya fi burge ni wani matashin ɗan majalisa ne, Tim Healy, ya cusa shi: kada a ɗora wa ɗan haya kuɗi a kan gyaran da shi ko magabatansa suka yi. A ganina zuciyar maganar ke nan. Diyya ranar tashi abu ne mai kyau, amma cutar ta fi yawa tun kana cikin gidan, lokacin da ake sayar maka da guminka duk shekara. Masu filaye ma sun gane haka, suka garzaya kotu, kuma a 1882 alƙalai suka yi wa sashen fassarar da ta rage masa kaifi. Rigimar ba ta lafa sosai ba sai da dokar 1903 ta ba manoma bashin sayen gonakin da suke haya.

Mu dawo gida. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce ɗan hayar da ya yi gyara, mai gida kuma ya sallame shi, yana iya neman diyya, amma da sharaɗin ya sami izinin mai gida a rubuce kafin ya fara. A rubuce fa. Mu kuwa a nan kunya ke cin mu. Ta yaya za ka dubi dattijo sa'an babanka ka ce, "Baba, a rubuta"? Yayana yana da rasit ɗin kwano, da na tayil, da na siminti, duk a cikin leda. Abin da ba shi da shi shi ne layi biyu da sa hannun mai gida: nawa za a cire daga haya, kuma shekara nawa za a yi ba ƙari. Ko a Legas yake, da "ai gidanka ne" ba inda za shi.

Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi, ɗan haya ne ko mai gida, ya aiko mana da yadda aka ƙare, ba sai ya ambaci suna ba. Mako mai zuwa da su za mu buɗe shiri, in sha Allahu.