Digirin Nazarin Littafi Mai Tsarki da Makomar Masu Shi a Arewacin Nijeriya: Batun Hatimi da Batun Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin ƙofofin da digirin ilimin tauhidi da nazarin Littafi Mai Tsarki yake buɗe wa mai shi a arewacin Nijeriya. An bi tarihin makarantun tauhidi na yankin, da ƙa'idojin hukumomin da ke tantance takardun shaida, da abin da mai binciken ya gani da idonsa a ikilisiyoyin karkara. An gano cewa darajar digirin ta rataya ne a kan abu biyu da ɗalibi bai cika tambaya a kansu ba ranar da yake cike fom: hatimin wa ke kan takardar, da kuma harshen da zai yi hidima da shi bayan ya fito.

1.0 Gabatarwa

A gidajen Kirista da dama a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, idan saurayi ya ce zai tafi makarantar tauhidi, abin da dattawan ikilisiya ke fara tambayarsa shi ne, "Ka sami kira?" Da wuya a tambaye shi da me zai ci, domin ana ɗaukar wannan tambaya tamkar raunin bangaskiya. To amma karatun shekara huɗu ne, kuɗi yake ci, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da iyali suke shiga, mata na sayar da ƙosai a bakin ƙofar makaranta, yara na firamare. Saboda haka tambayar ta cancanci a yi ta a fili, kamar yadda ake yin ta game da digirin lauya ko na aikin gona.

2.0 Daga Makarantar Baibul zuwa Digiri

Makarantun farko ba don digiri aka gina su ba. Mishan ta SIM, wadda jagororinta suka sauka Legas a 1893, da ta SUM da Karl Kumm ya kafa a 1904, masu bishara suke nema waɗanda za su iya karatu su shiga ƙauyuka. Hausa ce ta haɗa ƙabilun tsakiyar ƙasar, kuma da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, sai aka sami littafin koyarwa. A Gindiri da Kagoro, daga baya kuma a makarantar Kulp ta ikilisiyar EYN kusa da Mubi, da Hausa ake karatu, da Hausa ake jarrabawa. Ɗalibi yana da gonarsa a makaranta, in ya gama kuma ya san inda za shi, domin gundumar ikilisiyar da ta turo shi tana jiransa.

Canji ya zo ne da neman ilimi mai zurfi da Ingilishi. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wato TCNN, ta fara darasi a 1959 ƙarƙashin Harry Boer, ta zauna a Bukuru. Babbar makarantar horar da limaman Katolika ta St. Augustine ta soma a 1967, ikilisiyar ECWA kuma ta buɗe makarantar tauhidi ta JETS a Jos a 1980. Byang Kato, ɗan Kwoi da ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas, yana cikin waɗanda suka fi matsa wa ikilisiyoyin Afirka su ɗaga matsayin karatun tauhidi. Ya rasu a Mombasa a 1975, shekara guda kafin a kafa ACTEA, hukumar da ke tantance makarantun tauhidi na ikilisiyoyin bishara a nahiyar.

3.0 Hatimi Biyu

A nan gizo yake saƙa. Tantancewar ACTEA tana da nauyi a wurin ikilisiya da makarantun tauhidi na ƙasashen waje, amma ma'aikatar gwamnati ba ita take dubawa ba. Abin da take nema shi ne digirin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shi. Shi ya sa manyan makarantu kamar TCNN da JETS suka ƙulla alaƙa da Jami'ar Jos, ta yadda wasu kwasa-kwasansu ke fita da hatimin jami'a. Sakamakon haka, ana iya samun ɗalibai biyu da suka zauna a benci ɗaya, malami ɗaya ya koya musu Helenanci, amma takardar ɗaya ta kai shi bautar ƙasa, ta ɗayan kuwa iyakarta ofishin sakataren gunduma.

Bautar ƙasa ba ƙaramin al'amari ba ne a wannan lissafi. Tun da aka kafa tsarin a 1973, takardar kammalawa ko ta yafewa ta zama sharaɗin ɗaukar mai digiri aikin gwamnati. Wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama, takardar yafewa ake ba shi, kuma ɗaliban tauhidi da yawa suna cikin wannan rukuni, domin sai sun yi shekaru suna aikin bishara kafin a tura su ƙaro ilimi. Amma ita ma yafewar sai makarantar tana cikin waɗanda hukuma ta sani. Ƙananan makarantun da suka cika garuruwa, masu ɗaki uku da allo mai ɗauke da sunan wata jami'ar ƙetare, ba su da ko ɗaya daga cikin hatiman biyu, kuma talakan da bai san bambanci ba shi ke kai musu kuɗinsa.

Koyarwa ita ce ƙofar da aka fi bi a wajen ikilisiya, tun da darasin addinin Kirista yana cikin jarrabawar WAEC da NECO. Nan ma da sauran rina a kaba. Hukumar yi wa malamai rajista, wadda aka kafa a 1993, takardar horon koyarwa take so, don haka mai digirin tauhidi zalla sai ya ƙara diflomar koyarwa. Sannan a wasu jihohin arewa mai nisa guraben malaman wannan darasi a makarantun gwamnati ƙalilan ne, ƙorafin da Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ta daɗe tana yi. Akwai kuma aikin limanci a soja da 'yan sanda, sai dai gurabensa ba su taka kara sun karya ba.

4.0 A Cikin Ikilisiya

Digiri ba naɗi ba ne. Wanda ya gama yakan fara a matsayin fasto mai lasisi ko mataimaki, ya yi shekaru ana duba halinsa kafin a naɗa shi rabaran. Albashinsa kuma a mafi yawan lokuta daga baiko da zakkar ikilisiyar da yake hidima yake fitowa. Wanda aka tura babbar majami'a a Abuja ko Kaduna da wanda aka tura ƙauyen da mambobinsa arba'in ne, takardarsu ɗaya, rayuwarsu kuwa kamar sama da ƙasa. Na ƙauye da gona yake riƙe gida, da kuma buhun masara da damin dawa da ake kawowa ranar godiyar kaka. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin: a watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da makarantar Kulp a Kwarhi, fastoci masu yawa suka wayi gari ba garke ba albashi.

Mata kuwa ƙofarsu ta fi ƙunci. Ikilisiyoyi irin su ECWA ba sa naɗa mace fasto, don haka wadda ta fi kowa maki a ajin Ibrananci sai ta ƙare a koyarwa ko shugabancin Zumuntar Mata, sau da yawa ba tare da albashi ba idan matar fasto ce.

5.0 Harshen da Aka Bari a Baya

Batu na biyu ya fi na hatimi ɓuya, kuma a ganin mai wannan bincike ya fi shi tasiri. An ɗaga karatu zuwa Ingilishi, amma bagadin wa'azi a karkara bai bar Hausa ba. Wata Lahadi a wata majami'ar ƙauye mai rufin kwano, mai binciken ya saurari wani sabon fasto yana wa'azi daga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Takardun da ke hannunsa da Ingilishi ya rubuta su, yana karantawa yana juyawa a ka. Da ya zo kan kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira baratarwa, sai ya tsaya cik, ya faɗe ta da Ingilishi har sau biyu, mata a layin gaba suna fifita da littafin waƙoƙi. Wani tsohon mai bishara da bai wuce makarantar Baibul ta Hausa ba ne ya miƙe bayan wa'azi, a lokacin sanarwa, ya kawo misalin alƙali da mai laifin da wani ya biya wa tara. Nan take aka ji "Amin" daga ko'ina. Bayan an tashi, wurin tsohon mutane suka taru da tambayoyinsu.

Faston ba jahili ba ne, ya san kalmar har a Helenancinta. Shekara huɗu ya yi ba wanda ya taɓa sa shi ya rubuta shafi ɗaya na tauhidi da Hausa. Dattawan da ke yanke shawarar ko a bar fasto ko a nemi a canza shi kuwa ba sa duba sakamakon jarrabawa, abin da kunnensu ya ji suke aunawa.

Abin lura shi ne, wannan giɓin shi ne kuma inda aiki yake. Nijeriya tana da harsuna sama da 500, da yawansu a tsakiyar ƙasar da arewa maso gabas, kuma masu yawa ba su da cikakken Littafi Mai Tsarki. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, da cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos suna buƙatar mutumin da ya haɗa Helenanci ko Ibrananci da harshen uwa da Hausa, TCNN ma tana da sashen kimiyyar harshe da fassara saboda wannan buƙata. Wanda ya ƙware a nan, gwanintarsa tana bin sa zuwa gidan rediyo da kamfanin ɗab'i da ƙungiyoyin yaƙi da jahilci, wuraren da ba sa tambayar ko an naɗa shi.

Haka batun yake ga sanin maƙwabci, shi ma ƙofar aiki ne. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya fito daga St. Augustine, ya ɗora da nazarin zaman lafiya a Bradford da digirin digirgir a Landan kan addini da siyasar arewacin Nijeriya. Josiah Idowu-Fearon ya karanci addinin Musulunci a Birmingham kafin ya zama babban sakataren tarayyar Angilikan ta duniya a 2015. Dukansu biyu tauhidi suka fara da shi, suka ɗora masa wani ilimi da al'ummar da suke zaune a cikinta take nema. Ƙungiyoyin sasanci a Jos da Kaduna irin waɗannan mutane suke ɗauka.

Gyaran da ake buƙata a manhaja bai da tsada. Ana iya wajabta wa kowane ɗalibin digiri ya gabatar da wa'azi ɗaya da takardar sharhi ɗaya da Hausa ko harshen uwarsa kafin ya fita, a sa tsofaffin masu bishara cikin masu ba da maki. Ana iya kuma tilasta wa kowace makaranta ta rubuta ɓaro-ɓaro a saman fom ɗin shiga wace hukuma ce ta amince da kowane kwas, da kuma ko mai shi zai je bautar ƙasa.