Amsoshin Wasiƙunku: Tsakanin Turaren Mai da na Fesawa, Wane Ne Babba?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wata mai sauraronmu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ta ce ita tun tasowarta humra take shafawa, wadda wata tsohuwa 'yar Barno ke haɗa musu, gashinta kuma man karkar ya sani. To sai ga ƙanin mijinta ya dawo daga karatu yana yi mata dariya, wai wannan kayan ƙauye ne, turare na gaskiya shi ne na fesawa ɗan Faransa. Don haka take so a gaya mata wanne ya riga wani zuwa duniya, me ya sa na mai ya fi daɗewa a jiki, sa'annan kuma miskin da take saye a 'yar kwalba, da gaske daga jikin barewa yake fitowa?

AMSA: To Malama, mun gode da wannan wasiƙa. Da farko dai ki gaya wa ƙanin mijin naki, tun da akwai wasa a tsakaninku, cewa turaren da yake taƙama da shi ko jika bai kai ba a gaban naki. Turaren mai ya girme wa na fesawa da shekaru fiye da dubu uku.

A wani wuri da ake kira Pyrgos a tsibirin Kubrus, masu tonon kayan tarihi sun gano wata ma'aikatar turare da ta kai kimanin shekaru 4,000, kuma man zaitun ne ake jiƙa ganyaye masu ƙamshi a cikinsa. A ƙasar Iraƙi ta yanzu kuwa an samu wani allon yumɓu na wajejen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗauke da sunan wata mata, Tapputi, mai haɗa turare a fada. Kin ga ashe tsohuwar taku ba ita ta fara ba, sana'ar tun asali akwai hannun mata a cikinta. Batun gashi ma haka. A zane-zanen kaburburan Masar ana ganin maza da mata a wurin biki da wani ɗan curi a tsakar ka, wanda masana suka daɗe suna cewa kitse ne mai ƙamshi da ke narkewa yana bin gashi. A 2019 aka ba da sanarwar samun irin wannan curi guda biyu a kan gawarwaki a Amarna, sai dai da aka auna su, na kakin zuma ne.

Cikin waɗanda suka mai da haɗa turare ilmi na littafi kuwa akwai malaman zamanin Abbasiyawa. A ƙarni na 9 a birnin Bagadaza, akwai littafin da ake danganta wa Al-Kindi mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Abin dariya, cikin haɗe-haɗen har da yadda ake kwaikwayon miski da ambar da kaya masu araha, wato dai jabu ma tsohon abu ne. Turaren da manya suka fi ji da shi a lokacin shi ne galiya, wato miski da ambar da ake kwaɓawa da man ban, a shafa a gemu da gashin kai. Shi wannan ban ɗin ɗan'uwan zogalenmu ne. Dalilin zaɓensa shi ne mansa ba shi da wari, kuma ba ya saurin lalacewa, don haka yakan riƙe ƙamshin da aka ba shi amana.

Turaren da aka narka cikin sinadarin barasa kuwa sai wajejen 1370 ya yi suna a Turai, da wani ruwa da ake kira ruwan Hangari. Daga bisani a 1709 wani Ba'italiye mai suna Farina ya kafa kamfaninsa a birnin Kolon na Jamus, shi ya sa har gobe ake ce wa irin wannan turare kolon. Chanel No. 5 da ake ta ambato, ai a 1921 ya fito.

Yanzu bari mu dawo gida, don nan ne labarin ya fi daɗi. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya je Sakkwato a 1824, ya ziyarci Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya zama Sarkin Musulmi a 1837. Clapperton ya ba da labarin cewa Atiku na kiwon tunkun jibda har 200, kowanne a kejinsa na itace, ana ciyar da su da dakakkiyar dawa da busasshen kifi. Bayan kowane kwana biyu sai a matse dabbar a lungun keji, a danne kanta da sanda, a kankare jibdar da ɓawon kumba daga wata 'yar jaka da ke ƙarƙashin wutsiyarta. Duk wanda ya taɓa shinshina ɗanyar jibda ya san ba abin so ba ce, wari ne mai hawa ka. Amma a ɗiga ƙanƙani cikin mai, sai ta koma wani ɗumi-ɗumin ƙamshi, kuma ta kama sauran ƙamshin ta hana shi gudu. Su kansu masu turaren Faransa sun shafe shekaru aru-aru suna sayen jibda, galibi daga Habasha, don turarensu ya zauna a jiki. Ki ƙara wa ƙanin mijinki da wannan.

Shi kuma Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa jawul da kanumfari da dangoginsu da fatake ke ƙetaro hamada da su sun kai na wuri miliyan 15 a shekara, man wardi kuwa shi kaɗai ya kai na miliyan 40. Ya ce wannan man wardin ba kasafai yake shiga kasuwa ba, gidajen sarakuna da attajirai yake zarcewa, ko a saya a ɓoye ko a kai shi gaisuwa.

Ita humra taki ta gabas ta ɓullo. Sunanta da haɗinta duk na Sudan ne, ta biyo hanyar Chadi da Barno, hanyar da alhazan ƙafa suka bi shekara da shekaru, tare da 'yan'uwanta dilka da halawa. A can Sudan kafin biki mata kan taru musamman don dakan turaren amarya. Ginshiƙin humra shi ne farce, wanda ba farcen kowa ba ne, marufin bakin wani dodon koɗi ne na teku. Sai an wanke shi tas, an kankare, an soya shi har ya yi ƙamas, sa'annan a daka, a haɗa da garin sandal da mahalab da kanumfari da miski, a rufe a kwalba a bar shi ya tsumu. Amma a nan fa sai na yi wa ƙanin mijinki adalci: masu haɗa humra sun daɗe suna zuba turarukan kamfani na ruwa a ciki, har da 'yan Faransa. Ashe ke da shi kwalba ɗaya kuke sha ba ku sani ba.

Cuɗanyar ta bi ta ɗaya hannun ma. A 1920 kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da Bint el Sudan, bayan wani wakilinsa mai suna Eric Burgess ya kai samfurin irin ƙamshin da mutanen Sudan ke so. Da mai aka haɗa shi ba da barasa ba, don a samu karɓuwa wurin Musulmi, kuma daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano. Ni dai in na ji ƙamshin Bintu Sudan, ba abin da ke faɗo mini sai adakar kakata. A cikinta take ajiye shi tare da kajiji da zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla, har ya zamana in ta ba mu kuɗin kashewa, kuɗin ma ƙamshi suke yi.

Man karkar shi ma na Sudan da Chadi ne: man riɗi ake dafawa da kitse da kakin zuma, a sa kanumfari da sauran kayan ƙamshi. Abokin tafiyarsa shi ne garin shebe na matan Larabawan Chadi, 'ya'yan wani itace da ake soyawa a niƙa da mahalab da kanumfari, a shafa wa kitso. Wajejen 2017 labarinsa ya bazu a intanet, 'yan mata a Amurka da Turai suka shiga nemansa. Alal haƙiƙa aikin da waɗannan ke yi shi ne hana gashi bushewa da karyewa, tsawon da ake gani daga nan yake zuwa. Ƙamshin kuwa da farko larura ce ta kawo shi, don kitse ko man shanu in ya kwana biyu a ka cikin zafi, kowa ya san abin da ke biyo baya.

To me ya sa na mai ya fi daɗewa? Sinadarin barasa saurin tashi gare shi. Da an fesa sai ya bi iska ya kwashi ƙamshin ya watsa, shi ya sa mai fesawa tun daga zaure ake jin zuwansa, amma a zafin Damagaram kafin azahar rabin abin ya tafi. Mai kuwa ba ya tashi, a hankali yake sakin ƙamshin gwargwadon ɗumin jiki. Na fesawa sallama yake yi wa jama'a, na mai kuwa sai wanda ya matso kusa. Gashi kuma ya fi fata riƙe ƙamshi, shi ya sa ɗankwalinki da matashin kanki suke ƙamshin karkar ko bayan kwana uku. Fesa mai barasa a gashi kullum kuwa busar da shi yake yi.

In kina son ganin inda har yanzu ake yin turaren mai irin na da, sai birnin Kannauj a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Furanni ake zubawa da ruwa a manyan tukwanen tagulla, a liƙe murfin da laka, a hura wutar itace. Turirin sai ya bi ta cikin gora ya sauka a wata tukunyar da ke zaune cikin ruwan sanyi, wadda aka zuba wa man sandal. Kullum a sake sabbin furanni a kan man nan guda, har kwanaki, sai ya ƙoshi. Daga nan a zuba shi a tandun fata don sauran ruwan ya tsane. Suna ma da wani da suke yi da gasasshen yumɓu, mai ƙamshin ƙasa in ruwan fari ya sauka. An taɓa ɗiga mini shi a bayan hannu, wallahi sai da na ɗaga kai na dubi sama ko hadari ne. Sai dai sandal ya yi tsada ƙwarai, don haka da yawa sun koma ɗora ƙamshin a kan farafin, wato man da ake samu daga fetur.

Wannan ya kawo mu tambayarki ta ƙarshe, kuma amsar ba za ta yi miki daɗi ba. Miski na ainihi daga wata jaka yake a cikin namijin wata 'yar barewa da ke duwatsun Himalaya da Sin da Saiberiya. Abin da ke cikin jaka ɗaya bai wuce kamar giram 25 ba, kuma mafarauta sai sun kashe dabbar suke samunsa, shi ya sa dokokin duniya suka ƙuntata cinikinsa. Launinsa ma baƙi-baƙi ne mai ja-ja. Saboda haka farin miskin nan mai kauri kamar madara, haɗin masana'anta ne. Tun 1888 wani Bajamushe, Albert Baur, yana cikin binciken sinadaran nakiya ya yi kiciɓis da wani mai ƙamshin miski, daga nan ƙofa ta buɗe. Haka ambar, wanda asalinsa daga hanjin wata gawurtacciyar dabbar teku yake, yanzu daga wani ganye ake haɗa madadinsa. Shi kuma udu, itacen da ke yin ƙaro mai ƙamshi in cuta ta kama shi a dazuzzukan Asam da Kambodiya, an sare shi har sai da aka sa shi cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido tun 1995. Man wardi kuwa, sai an tatsi furanni tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo ɗaya.

Ba wai na masana'anta laifi ne ba, ko banza ya ceci barewa. Abin da ba shi da kyau shi ne a sayar miki da shi da sunan na ainihi a kuɗin na ainihi. Ni kaina an taɓa yi mini. Wani mai tebur ya rantse mini cewa tolar da ya miƙo mini udu ne tsantsa, na biya ina murna na yi arha, na shafa a wuyan farar riga ranar Juma'a. Ƙamshin bai kai la'asar ba, tabon kuwa har rigar ta mutu yana nan, ga ƙaiƙayi da ya dame ni kwana biyu. Tun daga ranar, in zan sayi turaren mai sai na ɗiga a farar takarda na ga irin shatin da zai bari, na kuma shafa kaɗan a cikin hannu na tafi gida, in gari ya waye ba ja ba ƙaiƙayi, sa'annan na koma na biya.

Ke kuwa da kike da tsohuwar da ke haɗa muku a gabanku, kina ganin farcen da ta soya da sandal ɗin da ta daka, kin fi mu sanin abin da ke cikin kwalbarki. In za ta yarda, ki zauna kusa da ita ranar haɗi na gaba da takarda da alƙalami, ki rubuta awon kowane abu da yawan kwanakin da take barinsa ya tsumu, don irinsu da ka suke riƙe awon.