Daga Garmaho Zuwa Dibidi A Gidajenmu Na Sabo

A gidaje da yawa a nan Sabo, in ka duba ƙarƙashin talabijin za ka tarar da wani ɗan akwati mai faɗi, baƙi ko ruwan azurfa, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Wasu sun shekara biyar ba su kunna shi ba, rimot ɗinsa ma ba a san inda yara suka jefa ba. Wannan ita ce na'urar da muke kira dibidi, wadda a zamaninta ba ta ƙin faifai. Ka ba ta na waƙa ta ci, ka ba ta na fim ta ci, har na hotunan biki ba ta mayarwa. Mun ga ya kamata mu waiwayi yadda ta shigo mana, da abubuwan da suka riga ta, domin a cikin kwalayen da ke jibge kusa da ita akwai wani yanki na tarihinmu da ke lalacewa muna ji muna gani.

An kafa Sabo ne a 1916, 'yan shekaru kaɗan bayan hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano ta nan Badun. Kakanninmu fataken goro da shanu ne, da masu masauki da dillalai da mahauta. A wancan lokaci kiɗa abu ne mai ƙafa, sai makaɗi ya zo da kansa. Wanda begen gida ya dame shi sai ya jira biki ko suna ko naɗi, inda za a ɗauko masu kalangu, ko kuwa wani mawaƙi ya biyo fatake Kurmi neman abin masarufi.

Abu na farko da ya raba murya da mai ita shi ne garmaho. Ba ya son wuta ko batir, da hannu ake wana shi, a ɗora allurar ƙarfe a kan faifai mai juyawa sau 78 a minti ɗaya. Allurar kan dakushe da wuri sai an canza, faifan kuma in ya suɓuce ya faɗi ya tashi aiki, kamar tangaran. Amma babbar illarsa gare mu ita ce gajarta. Kowane gefe bai wuce minti 3 da 'yan kai ba. To ina waƙar Hausa ina minti 3? Mawaƙinmu sai ya yi shimfiɗa, 'yan amshi su karɓa, ya taɓa asalin ubangida, ya zagaya ya yi wa abokin gaba zambo, sannan ya dawo. Kafin kiɗa ya yi zafi allura ta kai ƙarshe. Duk da haka dattawa sun sha gaya mana cewa zauren maigidan da ke da garmaho ba ya rabo da baƙi bayan sallar isha'i.

Akwai kuma akwatin nan na bango da Turawa suka kawo Ikko a 1935, ya iso Badun a 1939, wanda ake jawo masa waya daga tasha. Ba a canza masa tasha, abin da aka ba ka shi za ka ji, kuma yawanci Turanci ne da Yarabanci. Bai daɗa mu da komai ba. Rediyon da ya zama namu shi ne mai batir mai gajeren zango, musamman bayan BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma ya fara aiki a 1962. Waɗanda suka manyanta ba za su manta da Zaɓi Sonka ba, yadda mutum zai aika kati ya zauna yana kasa kunne mako da makonni, don kawai ya ji an ce wane daga Sabo Badun yana gaida iyayensa a Kura ko Bichi, a kuma sa masa Shata. Ran da aka karanta katinka, ranar ba ka da abokin hira sai wanda ya ji.

Babban faifai mai juyi 33, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1948, ya ɗan share mana hawaye, don kowane gefe yana ɗaukar kimanin minti 20. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips suna nan Ikko suna buga faya-fayai. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, aka yi rabon Udoji a tsakiyar shekarun 1970, mu ba ma'aikatan gwamnati ba ne amma kuɗin sun biyo ta kasuwa sun same mu. A lokacin ne wasu alhazai suka sayi rediyo mai haɗe da faifai, ƙato kamar kabad, wanda rabinsa kayan ado ne. Ba kowa ya mallake shi ba, kuma ba a daɗe ba aka wuce wurin.

Kaset shi ne ya yi mana rana, kuma a nan za mu ɗan tsaya. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970 rikoda ta zama ruwan dare a wajenmu, da yawa ma tsarabar Makka ce. Abu uku suka sa ta karɓu. Tana aiki da batir, ba ruwanta da NEPA. Kaset ɗaya yana ɗaukar minti 60 ko 90, wato Bakandamiya za ta samu wurin miƙe ƙafa. Na uku kuwa, wanda ya fi duka, tana ɗaukar magana. Wannan ne karo na farko da talaka ya samu abin da zai naɗi murya da kansa. Sai ga shi ana ajiye rikoda a gaban makaɗa a wurin biki, ana ɗaukar tafsiri da azumi, ana naɗar waƙa daga rediyo. Wanda bai iya boko ko ajami ba sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi wa mahaifiyarsa bayanin duk halin da yake ciki, ya ba direban motar goro ya kai. Bayan sati biyu amsa ta dawo a bayan wannan kaset ɗin, har da kukan jaririn da aka haifa ba ya nan.

Direbobin nan su ne gidan rediyonmu na biyu. Su suke sauko mana da sabon Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Haruna Uji da Barmani Coge, su kuma ba su da abokin tafiya kamar Ɗanmaraya Jos, wanda ya yi wa karen mota waƙa. Sai dai kada mu yi wa kanmu ƙarya, ba waƙar Hausa kaɗai muke ji ba. Wanda aka haifa a Sabo ya tashi da apalar Haruna Ishola da Ayinla Omowura a kunnensa, daga baya fujin Sikiru Ayinde Barrister, ko ya so ko bai so ba, don daga shagon maƙwabci suke tashi. Ga kuma waƙoƙin Indiya da samari ke kwasowa daga silima. A cikin kwali ɗaya za ka ga duk waɗannan sun kwana tare. Kowa kuma ya iya gyaran kaset: in zare ya harɗe a sa biro a naɗe, in ya tsinke a liƙa da jan farce, in murya ta dushe a goge kan rikoda da auduga da ɗan turare.

Amma abin da ya yi mana daɗi shi ya karya masu abin. Tun da kowa zai iya kwafa, sai 'yan kasuwa suka shiga kwafa da dubbai, ba ko sisin mawaƙi. Gwamnati ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, ba ta hana komai ba. Zuwa farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin faifai na Turawa sun sayar da kayansu ga 'yan ƙasa sun tafi. Mawaƙanmu dai da ma ba da cinikin faifai suka dogara ba, da kyautar iyayen gida suke rayuwa, shi ya sa ba su yi ƙara sosai ba. Mu ma da muke saye ba mu taɓa tambaya ba.

Faifan CD ya fito a 1982, aikin Sony da Philips. Shi ba allura ke karanta shi ba, wani siririn haske ne ke bin wasu 'yan ramuka da ido ba ya gani, daga tsakiya zuwa baki, ba tare da an taɓa faifan ba. Sai dai ya fi shekara goma bai shigo gidajenmu ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, sannan wa zai sayi na'ura mai tsada alhali babu Shata a kanta? Abin da ya jawo faifai cikin gidajenmu fim ne. An fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, a kan kaset. Faifan VCD, wanda aka tsara a 1993, shi ya zo ya ture kaset ɗin bidiyo, ko da yake minti 74 kawai yake ɗauka, dole fim ya zo a faifai biyu. DVD kuma ya fito a Japan a 1996, yana ɗaukar abin da ya ninka na CD fiye da sau 6.

Nan fa aka shiga ruɗani, kowane faifai da na'urarsa. Daɗin daɗawa masu DVD sun raba duniya shiyya 6, suka kulle kowace na'ura ga shiyyarta. Nijeriya tana ta 5, Saudiyya tana ta 2, saboda haka alhaji na iya sayo faifai na asali a Jidda ya zo gida na'ura mai tsada ta ƙi shi. Waɗanda suka raba wannan gardama su ne masana'antun ƙasar Sin. A farkon shekarun 2000 suka cika kasuwar Alaba da wasu na'urori marasa kulle masu araha, daga can suka bazu zuwa Dugbe da Ogunpa. Sunayen da ke jikinsu ma wasu ba a taɓa jin su ba, amma suna cin DVD da VCD da CD da MP3, daga baya aka ƙara musu ramin filas. Ba jimawa dibidi ta shiga jerin kayan ɗakin amarya.

Faifan MP3 shi ne abin mamaki. Ana matse sauti ne a zubar da abin da kunne ba ya kamawa sosai, sai faifai ɗaya ya ɗauki fiye da awa 10. Abin da a da sai ka tara kwali guda na kaset, yanzu ga shi a tafin hannu. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Allah ya jiƙansu, ba su ga wannan zamani ba, amma a lokacin ne waƙoƙinsu suka fi yawa a gidajenmu. Sai dai kash, aikin an yi shi ne da gaggawa. Daga tsofaffin kaset aka kwaso, da shuuu ɗinsu da komai, wata waƙar ba kai, wata ba gindi. Ba suna, ba shekara, sai lamba 1 zuwa 100 a fuskar talabijin. Mun sha ganin an liƙa hoton wani mawaƙi a kan faifai, a ciki kuma rabin waƙoƙin na wani ne. Yaran da suka taso da waɗannan faya-fayai sun san muryoyin, amma ba su san wa aka yi wa waƙar ba, balle dalili.

Wani abin da na'urar ta canza shi ne wurin zama. Rikoda ta zaure ce da shago da tasha, a hannun maza take. Dibidi kuwa dole sai da talabijin, talabijin kuma yana cikin gida, don haka rimot ya koma hannun mata da yara. Waƙa ta zama abin kallo. Tun daga Sangaya aka koma waƙoƙin fim da kiɗan fiyano, kalangu da kukuma suka ja baya, daga baya su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Fati Nijar suka karɓe ɗakuna. Dattawa sun yi ta faɗa, wasu da gaskiyarsu. Amma mu a namu ganin akwai alherin da ba a cika faɗa ba. Yaranmu da yawa Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu, wasu ba su taɓa ƙetare Jebba ba. Daga waɗannan faya-fayai suka tsinci Hausar Kano, suka ga yadda ake kamu da budar kai, har suka fara gyara wa iyayensu magana.

Wahalarta kuwa kowa ya sha. A kawo wuta da ƙarfi ta ƙone, a kai wa mai gyara. Ƙurar hunturu ta rufe mata ido, ka sa faifai ta yi ta juyi sannan ta rubuta da Turanci wai babu faifai. Faifan ya ƙarje, mawaƙi ya maƙale a kan kalma ɗaya, a ciro a huhhura a goge da gefen riga. Wayar salula ta shigo a 2001, bayan 'yan shekaru ta fara ɗaukar memori, masu turi suka kafa tebura a bakin titi, dibidi ta koma ƙarƙashin ƙyalle. Duka-duka mulkinta bai fi shekara 15 ba.

To ga abin da ya sa muka ɗauko wannan dogon zance. Shata da Ɗanƙwairo ba za su ɓata ba, suna nan a intanet da gidajen rediyo. Abin da ba ya ko'ina sai a ɗakunanmu shi ne namu na kanmu: kaset ɗin naɗin sarauta, da wasan da wani makaɗi ya yi a nan unguwar, da karatun malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da saƙon muryar kaka. Laimar Kurmi ba ta raga wa kaset, fumfuna take sa masa har zaren ya manne. Waɗanda suka yi dabara suka mayar da nasu kan faifai su ma ba su tsira ba, don faifan da ake ƙonawa a shago ba irin na kamfani ba ne. Wani sinadari ne mai launi a cikinsa, zafi da hasken rana suna cinye shi, bayansa ya yi ta ɓarewa. Kwanan baya mun gwada wasu faya-fayan biki na gidanmu, da yawa ba su buɗe ba.

Saboda haka muna roƙon duk mai irin waɗannan kaya kada ya zubar, kada kuma ya bari a kan silin ko kusa da taga. A ware su, a rubuta abin da aka tuna a jiki, wane ne, a gidan wa, wace shekara, tun masu tunawa suna da rai. Faifan da ke buɗewa a kai wa mai kwamfuta ya kwafe, aikin 'yan mintoci ne. Kaset ne mai wuya, don na minti 90 sai an zauna masa minti 90 cur, kuma sai da rikoda mai lafiya, ga shi yawancin waɗanda muka duba robar da ke juya su ta narke. Wanda yake da mai aiki a gida, ko ya san mai gyaran da har yanzu yake da wannan roba, don Allah ya sanar da mu a ofishin ƙungiya.