Bindiga da Fatauci a Hanyar Garwa

Tunda bana muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wata magana da ke yawo a tashar mota da zaure: wai ɗan kasuwa ya nemi tsohuwar libarba ya soke a ƙugu saboda masu tare hanya. Maganar ta girme mu duka.

Kakanninmu da suka riƙa sauka Garwa da Yola neman hauren giwa, yawancinsu da kwari da baka da takobi suke tafiya, madugu na gaba. Bindigar da kan faɗo hannunsu ita ce adaka, mai cin albarushi, irin wadda ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam musamman don kasuwar Afirka. Kaya ne mai araha, kuma idan ta tsufa takan fashe a hannun mai ita. Don haka mai saye yakan duba tsatsar baki, ya gwada kunama, ya tambayi hannu nawa ta bi kafin ta iso gare shi. Tambayar nan ta ƙarshe, a ganinmu, ita ta fi sauran nauyi.

Turawa ba su bar abin sakaka ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka na wannan yanki bindigogin zamani, aka bar musu adaka da albarushinta. Libarba kuwa ta zama ta hafsan Bature. Lamiɗo Zubairu na Yola ya sami igwa biyu daga Mizon, Bafaranshe, a farkon shekarun 1890, amma ba su hana Ingilishi cin Yola a Satumba 1901 ba. A Nuwamba Jamusawa suka karya rundunarsa a Garwa, sannan a Janairu 1902 Hans Dominik ya sake cin ta kusa da Marwa da bindiga mai ruwa. A Yuni 1915 su ma Jamusawan suka miƙa Garwa ga Ingilishi da Faransawa.

Abin da muka gani da idonmu shi ne zamanin zargina a shekarun 1990, lokacin da motar 'yan kasuwa ba ta isa ta bi hanyar Marwa zuwa Kuseri hankali kwance ba. Ayarin da ke tafiya tare, da rakiyar soja, da daina ɗaukar tsabar kuɗi a jaka, su suka rage mana asara. Yau kuma satar mutane ce a wajen Tuboro.

Dokar Kamaru ta Disamba 2016 ba ta yarda kowa ya saya ko ya riƙe bindiga ba sai da izinin hukuma, Najeriya kuma tana da tata tun 1959. Izinin wannan ƙasa ba ya aiki a waccan. Wanda jandarma ya kama a iyaka da libarba marar takarda, wadda bai san wa ta taɓa harbi ba, kayansa da motarsa za su kwana a can, shi kuma ya wuce kotu.