Daga Dokokin Panizzi Zuwa FRBR: Yadda Kundin Laburare Na Zamani Ya Samo Asali

A shekarar 1841 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya wallafa dokoki 91 na rubuta bayanan littattafai. Jagoran aikin shi ne Antonio Panizzi, ɗan Italiya da ya yi gudun hijira zuwa Ingila. Masu suka sun yi masa caa, suna cewa ɗan gajeren jerin sunaye ya wadatar. Shi kuwa ya kafe a kan cewa mai karatu kan san littafin da yake nema, amma bai san sau nawa aka buga shi ba, balle bugun da zai fi yi masa amfani. Aikin kundi ne ya tattaro masa su wuri guda.

Charles Cutter ya ɗora a kan wannan a Amurka a 1876. A 1961 kuma masana daga ƙasashe da dama suka hallara a Paris, suka amince da ƙa'idoji na bai ɗaya. Sai dai zuwan kwamfuta, faifai da fina-finai ya sa tsarin rubuta bayanan littattafai a kan kati ya kasa ɗaukar nauyin.

Don haka a 1998 ƙungiyar laburarorin duniya, IFLA, ta fitar da rahoton FRBR, wanda ya kasa kowane abu hawa huɗu: ainihin aikin, sigar da ya fito a ciki, bugu, sai kwafi. Ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin shi ne aikin. Rubutun Hausa siga ce, fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967 wata siga ce. Kowace fitowa daga maɗaba'a bugu ne, wanda ke kan kanta kuma kwafi. Fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 kuwa sabon aiki ne, amma dole kundi ya nuna dangantakarsa da na asali.

A kan wannan tunani aka gina dokokin kundi na RDA a 2010, sannan a 2017 IFLA ta haɗe FRBR da sauran tsare-tsarenta cikin guda, mai suna LRM.

Masu kula da laburarorinmu, wannan ilimi naku ne. Littafin da ba a tsara bayaninsa da kyau ba, ko yana nan a ajiye, a wurin mai nema ɓatacce ne.