Ushira da Gadon Mata a Kano

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari ya bi ta Fagge ba zai rasa jin labarin wata gwauruwa da ta haƙura da gadon mijinta don tsoron kuɗin kotu ba. Wannan matsala tana da tarihi, kuma ya kamata ɗalibi ya san shi.

Shari'a dai ba ta bar wata ƙura ba. Matar mamaci tana da rubu'i in babu 'ya'ya, sumuni in akwai, 'ya mace kuwa tana samun rabin kason ɗa namiji. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙ, ya la'anci al'adar sarakunan Haɓe ta kwashe dukiyar mamaci da sunan gado. Duk da haka al'adar ushira ta zauna, watau a cire kashi ɗaya cikin goma na dukiyar da alƙali ya raba. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su soke ta ba. Sai dai da aka kafa Baitulmali aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin kotu ya koma aljihun En'e. Ta haka rabon gado ya zama hanyar samun kuɗin hukuma.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka cika Fagge da Sabon Gari. Gida ya yi daraja, kuma macen da ta mallaki gida tana iya zaman kanta. A 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa masu gadon suna shiga karuwanci. Shekara talatin da ɗaya aka yi a haka. Sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya janye dokar, domin a rage talaucin tsofaffin matan da ba su da mai kula da su. Masanin tarihi Steven Pierce ya yi nazari mai zurfi a kan waɗannan hukunce-hukunce biyu.

Abin lura shi ne, daga mai hanawa har mai mayarwa, kowa ya kafa hujja ne da halin da mata suke ciki, alhali kuwa haƙƙi ne da Allah ya riga ya yanka musu.

To, an buɗe ƙofa a 1954, amma ƙofar da sai da kuɗi ake shiga ba ta buɗu ga kowa ba. Matar da ta fita takaba hannu wofi, ina za ta samo kuɗin shigar da ƙara? Masu neman a yafe wa irin waɗannan mata kuɗin kotu ba alfarma suke roƙo ba. Aikin da Sarki Sanusi ya fara suke so a ƙarasa.