Tarihin Jirgin Ƙasa Daga Bakin Kwara Zuwa Kano

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Birchi ta ƙaramar hukumar Kurfi. Ya ce ya ji labari wai a da jirgin ƙasa kan bi gefen kogi, fasinja na kallon ruwa ta taga. Shin ina ne wannan, kuma me ya hana layin dogo biyowa ta wajensu?

To malam, tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce. Wannan layi daga bakin kogin Kwara ya taso, a garin Baro cikin ƙasar Nufe. An amince da aikin a 1907, zamanin Gwamna Girouard, ƙarfen dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe wa jama'a a 1912. An zaɓi Baro ne domin jiragen ruwa daga teku suna iya isowa nan idan kogi ya kawo. Sarakuna ne suka riƙa tara leburori gari-gari, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi wa aikin waƙa, ita ce Waƙar Diga.

Da a ce ka hau jirgin a wancan zamani, da farko sai ka ga kwalekwalen masunta a kan Kwara. Daga nan ka ratsa fadamun shinkafa na Badeggi, ka huta a Minna, inda layin Ikko ya zo ya haɗe da wannan. Gaba kaɗan ƙarar jirgi ta sauya, ka san kana bisa gadar kogin Kaduna, garin da ya karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Kana hango dutsen Kufena ka san Zariya ce. Ka ƙetare Challawa, sai birnin Dabo.

Amma fa Turawa ba don kallo suka kashe kuɗinsu ba. Auduga suke so a kai masaƙun Ingila, shi ya sa layin ya nufi ruwa. Sai manoman Kano suka duba, suka ga gyaɗa ta fi auduga tsoka, ga shi in kasuwa ta ƙi a ci abinta a gida. Tun daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano.

Ka ga ke nan inda kaya suke da yawa, nan ƙarfe ke bi. Da aka ja reshe daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau aka bi saboda auduga, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Wani kuma ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Birnin Katsina da Kurfi da Dutsin-Ma suka zauna a tsakiya babu tasha. Kakanninku sai su ɗora wa jakuna da raƙuma mangala zuwa Funtuwa ko Kano, kuma wahalar wannan tafiya daga kuɗin manomi ake cire ta. Fataucin hamada da ya ɗaukaka Katsina shi ma ya ƙara ja da baya.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Abin da ya kamata ku mutanen Birchi ku riƙa tambayar wakilanku shi ne, nawa za a ɗauki buhun gero daga tashar Katsina, kuma wace hanya ce za ta kai shi can da damina.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ga takardunku.